Filin Tungar Ɓaure

Kaura Namoda,
12 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Kawu Maitama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna Saude. Tunda aka yanke layin waya ban ji muryarku ba, shi ya sa na ba Isah direba wannan takarda.

Kawu, kaset ɗin bidiyon nan da ka ba ni bara, na cin kasuwar Tungar Ɓaure ta kusa da Birnin Tsaba, wanda ka ɗauka lokacin kana safiyo mai awon filaye, ya yi mini rana. Da shi nake koya wa ɗalibaina tsara birane yanzu. In na zana titi a allo sai hamma, amma in na kunna majigi suka ga mata da tuluna da jakuna suna bin lunguna, kowa sai ya gyara zama.

An roƙe mu mu zana yadda za a sake tsara garin in mutanensa sun dawo daga gudun hijira. Abokin aikina Malam Terna ya bi ayarin jami'an tsaro ya ɗauko mana garin yadda yake yau. Da muka jera fina-finan biyu sai muka ga wani abu. A naka, akwai fili tsakanin kasuwa da rijiya wanda ba mai ratsa shi, kowa kewayawa yake, har masu kaya a kai. A na Terna, shekara biyu ba kowa a garin, ciyawa ta kai ƙugu ko'ina, amma filin nan fes yake, har da sawun tsintsiya. Terna ya rantse bai ga ɗan Adam ba. Na ce ko 'yan bindiga ne, ya ce bai taɓa jin sun yi shara ba.

Ɗalibai suna so su sa asibiti a wurin. Me ke filin nan, Kawu?

A gaida Inna.
Ɗiyarka,
Rashida

Shinkafi,
19 ga Satumba

Zuwa ga ɗiyata Rashida,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da lafiyarki.

Game da filin wanga, ba ni da abin cewa da yawa. Kowane gari shina da wurin da mutane ba su so, ba kuma dole ne a san dalili ba. Ku sa asibitinku gabas da masallaci, ƙasar can ta fi tsandauri, ruwa ba ya kwanciya.

Kaset ɗin kuwa ya tsufa. Ki maido mini da shi hannun Isah, ki nemi na birane manya ki nuna wa yaranki, ga su nan da yawa. Kuskure na yi da na ba ki.

Innarki na gaishe ki. Allah shi yi maki albarka.

Kawunki,
Maitama

Kaura Namoda,
28 ga Satumba

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri, ban ba Isah kaset ɗin ba.

Ranar Litinin da hantsi ina nuna shi, wata ɗalibata Nazifa ta miƙe ta ce, "Malama, tsayar da shi nan." Ashe 'yar garin ce, nan Kaura suke zaune tun da aka kore su. Ta ce tun suna yara in ɗaya ya taka filin mari yake sha, ba a taɓa gaya masu dalili ba. Da ta koma gida ta ba kakarta labarin asibitin, tsohuwar ta ajiye abincin da take ci ta ce, "Ku tambayi mai kyamara."

Na sake kallon kaset ɗin ni kaɗai, a hankali. Kawu, minti arba'in kana yawo cikin kasuwa, ba wanda ya gaishe ka. Duk inda ka juya kyamara sai mutane su kau da kai. Wani dattijo mai sayar da igiya ya tofar da yawu ya ja rawaninsa. Kai da a Shinkafi ba ka iya tafiyar taku goma ba a tsayar da kai ba.

Jiya na ciro tsohuwar taswirar garin. An rubuta "fili, ba kowa" a wurin, kuma sa hannunka ne a ƙasa.

Ƙarshen wata mai zuwa zan miƙa zanen. In ban sami hujja ba, taswira za a bi, a haƙa harsashi a wurin. Kai ka riƙe ni bayan rasuwar Mama, kai ka koya mini riƙe fensir. Ba zan so in ji wannan magana daga bakin wani ba.

Taka,
Rashida

Zurmi,
6 ga Oktoba

Ɗiyata,

Sallama. Daga Zurmi nike rubuto maki, gidan abokina Abdullahi.

Filin wanga tsohuwar maƙabartar garin ce. Shekara guda kafin in ɗauki kaset ɗin, an aike ni in fidda wurin tashar mota. Na duba, ba wurin da ya fi nan dacewa. Dattawa suka zo suka ce iyayensu na kwance ciki. Ni kuwa lokacin ina da ƙuruciya da takarda, na ce kabarin da ba ya cikin taswira ba kabari ba ne. Na kawo katafila da rana tsaka. Kafin la'asar an baje wurin. Da idona na ƙirga tuddai arba'in da ɗaya kafin a fara, ban rubuta ko'ina ba.

Tashar ba ta yiwu ba. Duk direban da ya tsaya nan sau ɗaya ba ya sake tsayawa. Na tambayi wani, ya ce in ya kashe mota yakan ji kamar ya shigo cikin mutane suna magana suka yi shiru saboda shi.

Kaset ɗin na ɗauke shi ne don in nuna ma manyana cewa fili ne ba kowa. Sun yarda. Shekara ashirin da shida ban taɓa iya kallonsa har ƙarshe ba. Da na ba ki, ina jin so nike wani ya gani.

Wanda ke share wurin yanzu, ban san shi ba. Gobe da safe zan bi masu zuwa duba gonakinsu a Birnin Tsaba, daga can in taka. Na san inda kowane tudu yake. Na yanki turaku zan kafa masu alama. Abdullahi ya hana ni, ya ce hanya ba ta da kyau. Na ji shi.

Ki yafe mini ƙaryar gabas da masallaci, ko da yake ƙasar can da gaske ta fi.

Kawunki,
Maitama

Shinkafi,
11 ga Oktoba

Rashida ɗiyata,

Sallama, ina gaishe ki. Ni ce Innarki Saude, maƙwabciyarmu Zubaida ke rubuta mini.

Kawunki ya dawo ran Asabar, lafiya lau, ƙafa ce kawai ta kumbura. Ya ce ki rubuta "maƙabarta" a zanenki, ki sa sunanshi matsayin shaida, duk inda aka kira shi zai je.

Ya ce ya isa da azahar, gari tsit. Ya tsaya bakin filin ya yi masu sallama kamar yadda aka saba yi ma mamata. Aka amsa mashi. Ba murya guda ba. Bai waiwaya ba, ya duƙa ya kafa turakunshi har ya gama.

Na tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce a'a. Abin da ya tsaya mashi a rai, da zai tafi wata murya ta ce ya sauka lafiya, ta kira shi da sunan da tun rasuwar uwarshi ba wanda ya kira shi da shi. Ni kaina ban san sunan ba, ya kuma ƙi faɗa mini.

Ki zo in kin sami hanya.

Innarki,
Saude