Abin da Yatsuna Suka Tsallake

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan da kika ce tana damun ki. Mu nan kowa lafiya. Yayanki, maigidana, har yanzu yana faɗa da likita a kan gishiri, Babbar Yarinyarmu kuma ta haihu, an samu namiji mai hanci irin na Baba sak.

Dalilin rubutowa shi ne wani abu da ya same ni a makarantarmu ta koyon aikin jinya. An kawo mana wani mutum-mutumi na roba, daga wuya zuwa ƙugu, haɗe da kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira. Da shi muke koya wa ɗalibai yadda mace za ta duba nononta da kanta. Ɗaliba tana dannawa, allo yana nuna inda yatsunta suka bi, ya faɗa mata ko ta danna da ƙarfi ko ta yi sakaci, har ya ɓoye ƙullutu a wani sabon wuri kowane lokaci. Ranar da na fara ganin sa, wallahi Inna ce ta faɗo mini a rai. Kin tuna shekarar da nake ɗaliba, malamarmu da muke kira Ba Wasa ta ce kowa ta zo da abin gwaji? Inna ta zauna a kan keken ɗinkinta a bakin taga, ta yanka tsohon matashin kai, ta cusa auduga, ta binne maɓallin rigar Baba a ciki a matsayin ƙullutu. Ke kuma kika ɗaura shi a ƙirji kina yawo a tsakar gida, muka yi ta dariya har Inna ta share hawaye da gefen mayafi. Ita da ta ɗinka mini wannan da hannunta, ita ce ta ɓoye ƙullutun da ke nononta kusan shekara biyu don kunya, sai da ya gagari magani muka sani. Har yau idan na wuce shagon tela na ji ƙarar keke, sai na rage tafiya.

To, na tsaya gaban ɗalibai arba'in zan nuna musu yadda ake yi, ni da na shekara ashirin da shida ina koyar da wannan darasi. Na gama ina jiran yabo, sai allon ya nuna ja a ƙarƙashin hammata, wai ban taɓa wurin ba sam. Wata ɗaliba mai tabarau ta ce a hankali ƙila na'urar ce ta rikice, don ta rufa mini asiri. Na ce mata a'a, na'ura ta yi gaskiya, hannuna ne ya saba da gajeriyar hanya. Da na koma gida da la'asar na rufe ƙofa, na duba wurin a jikina, sai na ji wani ɗan abu mai tauri a hagu. Auta, zama na yi a bakin gado, washegari na garzaya wurin likita.

Kada hankalinki ya tashi. An gwada, ciwon daji ne irin na Inna, amma ƙarami ƙwarai. An cire shi makonni biyar da suka wuce, likita ya ce mun riga shi, har na koma aji. Na hana kowa faɗa miki ne sai na iya riƙe biro da kaina.

Yanzu ga roƙona. Na san ki da tsoron asibiti tun muna yara, kuma jininmu ɗaya. Na sa zanen yadda ake dubawa a cikin ambulan ɗin nan. Ki duba a wannan makon, ki koya wa 'yan matanki biyu, sannan ki je a yi miki hoton nono ko ba ki ji komai ba.

Ki gaida maigidanki Injiniya, da yaranki Likitar Gida da Sarkin Surutu. Yayanki da Goggo suna gaishe ki. Ba na son doguwar amsa, layi ɗaya ya ishe ni: ki ce kin duba. Mu biyu muka rage, ban shirya zama ni kaɗai ba.

Taki har kullum,
Yaya