Kubbar Mashud

Litinin, 8 ga Mayu, 1961
Dattawan masallacinmu na unguwar Nima sun ba Mashud aikin kubba. Mashud, wanda muka yi shekaru muna walda a rumfa ɗaya. Matata Alima ta jiyo a bakin famfo cewa shi ya gaya musu hannuna na rawa saboda giya. Ni da ban taɓa kai ta baki ba. Akwai rana.

Juma'a, 19 ga Mayu
Na ga kwanon da ya sayo, ba kauri, kamar gwangwanin madara. Ya lanƙwasa ya haɗa, babu haƙarƙarin ƙarfe ko ɗaya a ciki. Wai lanƙwasar ce ƙarfinta, kamar ƙwai. Haka ne, amma ƙwan da ba shi da tabo. Na hango ɗan lotsi a gefe guda, inda guduma ta zarce. Daga nan za ta fara lumewa. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 28 ga Mayu
An ɗora kubba. Kowa sai masha Allah. Mashud ya wuce ni ko sallama babu.

Laraba, 7 ga Yuni
Ruwa da iska tun safe. Lotsin ya kai faɗin faranti. Tuwo ya yi mini daɗi yau. Allah ya yafe mini, ba masallacin nake nufi ba.

Asabar, 10 ga Yuni
Alima ta ce ni ma a ƙarƙashin kubbar nan nake salla. Na ce ai na koma masallacin unguwar Maamobi.
Ta ce, "Maigida, tsoho Malam Abukari fa, da ko tafiya sai da sanda, shi ina zai koma?"
Na fita na bar mata ɗakin.

Talata, 13 ga Yuni
Ta faru da hantsi. Mashud ya hau don ya gyara lotsin. Yana ɗora gwiwa, kubbar ta yi ƙara kamar an buga ganga, gefen ya lume ciki kamar hular da aka zauna a kai. Ya zamo har ƙasa. Ƙafa ta karye, kwano ya tsage masa cinya. Allah ya sa babu kowa a ciki. An ce ni na fara isa, har na ɗaure cinyar da rigata. Ban tuna ba. Wata guda ina ajiye dariyar nan, da lokacinta ya yi ta ƙi zuwa.

Juma'a, 16 ga Yuni
Dattawa sun zo da kunyarsu, wai in gyara musu kubba. Na bar su a tsaye kafin in ba su tabarma. Da la'asar na je na duba kubbar. Ɗinkin waldarsa ko ɗaya bai buɗe ba, ɗan banzan ya iya aiki. Haƙarƙari kawai take so. Na ce musu sai Mashud ya warke mu yi tare, don shi ya san yadda ya haɗa ta. Ba wani abu ba.