Rabin goron da ke cikin hular Baba

Laraba, 4 ga Oktoba
Sun kawo kayan Baba, mahaifina Sualihu, daga Yendi. Lafiya lau ya bar Bawku, ya faɗi a tasha ranar Litinin, can aka binne shi. A cikin hularsa na tarar da rabin farin goro. Wa ya ci ɗaya rabin?

Alhamis, 5 ga Oktoba
Yayana Jalil ya ce Baba Mahama na Salaga ne ke zaune da shi a tashar. Mutumin da suka yi shekaru suna ƙwace wa juna masu saye, ban taɓa jin Baba ya ambace shi ba tare da tsaki ba. Na naɗe goron a ɗanyen ganye na ɓoye. Ruwa ba ya tsami banza.

Asabar, 7 ga Oktoba
Wai har waƙar ta'aziyya Baba Mahama ya rubuta, zai rera a sadakar bakwai. Ya turo wa Jalil a waya. Na ƙi saurare. Na ce gaban jama'a zan ajiye masa goron, ya faɗi abin da ya sa a ciki. Gwaggo Sabuwa ta ce, "Mansuratu, bakinki zai raba gida biyu."
To, ya raba ɗin mana.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Na saurara, don in kama shi.

Mai koko ta buɗe tukunya,
Tururi ya tashi, Sualihu bai tashi ba.
Kaji na tonon gindin mota,
Yara na faɗa kan lemo guda.
Goro ɗaya muka fasa, yadda muka saba,
Ka ce naka sai bayan la'asar.

Babu yabo ko ɗaya, bai ce Baba waliyyi ne ba. Da maƙaryaci ne, da ya cika ta da zuma. Ko kuwa wayonsa ke nan? Sau huɗu na maimaita. Wajen kajin nan muryarsa ke karyewa. Haka Baba yake, kome daɗin abu sai ya ajiye wa la'asar. Na yi kewarsa.

Litinin, 9 ga Oktoba
Ya zo, ya rera, ya kasa ƙarasawa. Ya ce mini, "'Yata, babanki yakan zage ni, amma ba ya cin goro shi kaɗai."
Ban fito da goron ba. Ba wai na yarda da shi ba ne.
Bayan la'asar na kwance ganyen na cinye. Ɗaci, sannan zaƙi da na sha ruwa.