Takardun Alseny

Bronx, Oktoba 2014

Yaya Djenabou,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Allah ya raba ku da annobar nan.

Mu lafiya lau. Sai dai 'yan ajin su Alseny sun koma kiransa Ebola, shi da bai taɓa taka Gini ba. Kullum da safe nakan auna zafin jikinsa, in rubuta a takarda ya je ya nuna musu. Ban sani ba ko daidai na yi.

Jiya ya dawo mini da takardun sati guda a ninke, ya ce, "Baba, ka bari. Ba mai karɓar abu daga hannuna."

Na ce to. Yau ma na auna, amma ban rubuta ba.

Kada Inna ta ji. Ki sa shi a addu'a.

Ƙaninki,
Sadou