Saƙon Malam Habu na Ƙarshe

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Hajara da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Jahun sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero ma ya fara fitar da kai.

Na rubuto ne in sanar da kai rasuwar Malam Habu, malaminmu na Turanci. Ranar Talata muka kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Kwana biyu kafin nan ya aiko a kira ni. Na same shi kwance, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, "Ina yayanka? Na taɓa yi masa bulala goma sha biyu a gaban aji, don ya kasa jimlolin nan na abin da ya riga ya wuce, waɗanda kalmominsu na Turanci ke canza kama. Sai daga baya na ji a makon ne kuka binne mahaifinku. Ka roƙar mini shi gafara."

Yaya, na san tun ranar bulalar nan ba ka ƙara gaishe shi ba, kuma ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma yau shi ne a gaban Mai tambaya.

Inna tana gaishe ka. Ka gaida mutanen gida, ka sa mu a addu'a. Sannan ka rubuto mini kalma biyu in kai wa iyalinsa: na yafe. Da Hausa ma ya isa.

Ƙaninka,
Isa