Hantar Ɓeraye a Firizar Maman Levi

Mubi, Satumba 2014

Adda Mairama,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Afrah da yara. Ya ƙafar Inna, ta sassauta?

Saƙonki ya iso, kuma kin yi gaskiya, amma ba za mu taho Yola yanzu ba. Maigidana Mu'azu ya ce sai ɓerayensa sun gama shan magani. Kin san binciken digirinsa na biyu. Wani ruwa yake ɗura musu da sirinji, ja-ja kamar tsinkakken zoɓo, wai ƙwayoyin zinariya ne a ciki da ido ba ya gani, yana so ya san abin da za su yi wa hantarsu da kitsen jininsu. Tun da makaranta ta watse ya kwaso kejin zuwa bayan kicin ɗina. Ni da na girma ina karanta yadda ango ke ɗaura wa amarya sarƙa, ga zinariyar gidanmu tana shiga cikin ɓera.

Mutanen Michika da suka gudo daga harin 'yan bindiga sun cika unguwa da ƙunshin kayansu. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ɗan da ke cikina ya motsa. Warin kejin yana tayar min da zuciya, littafin da na ara ma na kasa wuce shafin da na tsaya. Na gaji, Adda. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Khaulat

Mubi, Oktoba 2014

Adda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya.

Mu'azu ya yanka ɓerayen makon jiya. Na ɗauka shi ke nan, har na ɗaure akwati. Ashe hantar da jinin sai an ajiye su cikin sanyi kafin mai na'urar awo ya dawo gari, kuma Mu'azu ya ƙi motsawa sai ya dawo. Wuta babu, sai ya kai kwalaben firizar Maman Levi, maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara, don ita ke da janareta.

Shekaranjiya ƙaninta ya zo da mota ya kwashe ta da yaranta. Ta kashe janareta, ta kulle shagon da firizar take, ta tafi da makulli. Ban ga laifinta ba. Yau da hantsi Mu'azu da maƙwabta suka ɓalle kwaɗon, wari ne ya fara tarbarsu.

Ya dawo ya zauna a kan turmi. Shekara biyu yana tara kuɗin ruwan nan. Can ya tashi ya tafi tasha, ya kama mana kujera biyu a motar gobe.

Abin da na yi ta roƙo ke nan, ga shi na samu, amma ko murmushi na kasa. Na zuba masa abinci, har yanzu yana rufe.

Ki share mana ɗakin baya. Kuma don Allah ki ja kunnen Baban Afrah, kin san shi da tsokana. Idan mun iso, kada kowa ya tambayi Mu'azu labarin ɓeraye.

Taki,
Khaulat