Kulocin Motar Auta

Litinin, 3 ga Maris
Matar Auta ta sa an jawo motar zuwa garejina da igiya. Kuloci na zamewa, giya ba ta shiga. Wata biyar da rasuwar ƙanena Auta, mako uku da ta fara tuƙi, har ta kai ta ƙasa. Shekara talatin yana lallaɓa tsohuwar nan mai inji a baya, wadda iska ke sanyayawa, ko kuka ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Yaya, a taimaka, da ita nake zuwa makaranta." Ban ɗago kai ba. Matar da ta ɓoye min ciwonsa sai da ya rage kwana shida ya rasu.

Talata, 4 ga Maris
Na sauke inji. Faifan kuloci ya cinye har ƙusoshi. Fulawil, wato babban faifan ƙarfen da kulocin ke kamawa, duk tabon ƙuna, shuɗi-shuɗi, da 'yan tsage kamar tafin ƙafa. Na daɗe ina shafa shi.
Wannan ba aikin mako uku ba ne. Shekara guda, ko fiye. Wani ne ya riƙa jingina ƙafa a kan kuloci kullum. Ban son tunanin.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta zo da maƙwabciyarta. Na ajiye fulawil ɗin a kan benci, na kama yatsanta na bi da shi kan tabon. Na ce, "Kin ji? Ƙafarki ce. Abin da ƙanena ya rena kamar ɗa, kin gasa shi. Dama ke abu ba ya kwana lafiya a hannunki." Maƙwabciyar ta ce subhanallahi. Ita kuwa ta share baƙin mai a gefen mayafinta. Na ji daɗi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Har na ƙara da baƙar magana: in tafiyar ƙafa ta fi ƙarfinta, a saya mata jaki.

Juma'a, 7 ga Maris
Na ɗora fulawil ɗin a injin kankare ƙarfe, na kankare fuskar kaɗan-kaɗan. Sau uku kafin tabon ya ɓace. Na rage bakin da murfin kuloci ke zama daidai gwargwado, in ba haka ba ba zai kama ba. Ya fito fes. Hannuna bai mutu ba.

Asabar, 8 ga Maris
Ban yi aiki ba. Ciwon kai.

Litinin, 10 ga Maris
Ta zo ita kaɗai, ta ajiye takardun motar a kan benci. Wai in riƙe, ta haƙura, za ta riƙa hawa bas. Na ce dama motar ba ta kowa da kowa ba ce. A bakin ƙofa ta juyo. Ba kuka, da ma kukan ta yi.
"Ƙafar Auta ta hagu ce, Yaya. Tun bara ba ya iya ɗaga ta. Na ce ya kawo maka motar, ya ce a'a, kana buɗewa za ka gane. Ya ce tun yana yaro kake dukan gwiwarsa in ya taka ba daidai ba, ba zai iya tsayawa gabanka da ƙafar da ba ta jin magana ba."
Na ce ta rufe min ƙofa, ƙura na shiga inji.

Laraba, 12 ga Maris
Na haɗa komai. Tana tashi kamar sabuwa. Tawa ce yanzu. Na zagaya layi sau ɗaya na dawo, ban ji komai ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Ba ni da wurin ajiye ta, shi ya sa na kai mata, ba don wani abu ba. Na sassauta fedar kuloci, na matso da kujera gaba. Ta leƙo ta taga. Na ce, "Tabon tsoho ne, ba ke ba ce." Ta ce, "Na sani. Kai ma ka sani tun ranar." Ta saki labule.
Na tura makulli ta ƙarƙashin ƙofa. Bas biyu sun wuce ni a tasha ban tsayar ba. Da ƙafa na dawo, hanyar da nisa ashe.